Kalmomi Biyu da Jan Biro

Ku matso da kujerunku, ku kife wayoyin nan a kan tebur. Na ji abin da ɗayanku ya faɗa a baranda ɗazu, ba sai na nuna shi da yatsa ba, ya san kansa. Wai aikin malamin jami'a aikin hutu ne, ka shiga aji awa biyu, ka kunna majigi, ka fito ka kama gabanka. Wai kuma wannan zama na ranar Laraba da aka ce sababbin malamai su riƙa zuwa, shan shayi ne kawai da gulmar ɗalibai. To madalla. Ni ma haka na ce lokacin da aka fara shi, har na fi ku iya faɗa. Na yi shekara ashirin da wani abu ina koyar da labarin ƙasa kafin a fara zaman nan, kuma a cikinsa ne, a kan waccan kujerar mai karyayyen hannu, na gano cewa na kori wata yarinya daga karatu a shekararta ta ƙarshe, alhali ina ganin alheri na yi mata.

Bari in fara da kayan aiki, don ku san da me aka yi ɓarnar. Lokacin da na fara, alli ne da baƙin allo, sai wata tsohuwar taswira mai naɗewa da ɓera ya cinye mata Tafkin Chadi, sai rajistar kiran suna, sai jan biro. Alli ya tafi, farin allo ya zo da alƙalaminsa mai bushewa a tsakiyar kalma. Majigi ya zo, idan an kawo wuta. Jan biro ne kaɗai bai taɓa canjawa ba, kuma shi ne ainihin sana'ar. Tsayuwa gaban aji kowa zai iya, ko mai tallan magani a kasuwar Gudu nan Abuja ya fi mu iya riƙe taro. Aikin yana wajen takardun nan ɗari uku da za a jibge maka a tebur. Ba a fara ba da maki daga takardar farko. Sai ka karanta goma tukuna ka ji ƙarfin ajin. Ba a duba takarda da yunwa. Ba a dubawa bayan an yi cacar baki da iyali, don wallahi ɗan mutane ne zai sha hukuncin. Duk wannan na sani, kuma ina alfahari da sani.

Wanda ya koya mini shi ne Farfesana, Allah Ya jiƙansa, can Arewa inda na yi karatu. Ina aji biyu aka dawo mana da takardun gwaji. Kowa da makinsa, ni tawa babu maki, sai kalmomi biyu da jan biro a saman shafi: "See me." Wato ka zo ka same ni. Na je ofishinsa. Ya zaunar da ni, ya zuba mini shayi da hannunsa, ya faɗa mini makina da bakinsa, ya ce tunda ya fara koyar da darasin nan bai ga amsa irin tawa ba. Ya ba ni aron littafi. Daga wannan shayin na zama malami. Bayan na gama na yi shekara uku ina ɗaukar masa takardu, ina kallon yadda yake aiki, na kwashe komai nasa har yadda yake riƙe biro. Na gaji wannan al'adar ita ma: takardar da ta fi kowacce kyau, ba na sa mata maki, sai in rubuta kalmomin nan biyu, don in ga fuskar mai ita lokacin da zan faɗa masa. A shekara bai fi in rubuta wa mutum ɗaya ko biyu ba.

Na lura kuwa, tun da na dawo Abuja da aiki, ba kasafai suke zuwa ba. Sai in ce 'ya'yan zamani ne, girman kai ya yi musu yawa, ana kiransu a karrama su suna yanga. Ban taɓa tsayawa na tambayi kowa ba.

Sai shekarar da aka dawo daga dogon yajin aikin nan. Ba mu taɓa ganin shekara irinta ba. Aka matse zangon karatu, abin da ake koyarwa a wata huɗu aka ce a gama a wata biyu da 'yan kwanaki. Mu muna gudu, ɗalibai suna gudu, kowa idonsa ja. Har Asabar ana shiga aji. A wannan hayaniyar na ba 'yan ajin ƙarshe gwaji, tambaya ɗaya tak: me ya sa mutanen Abuja suke kwana a wani wuri, su yi aiki a wani wuri? Na duba takardu har na fara gyangyaɗi, duk abin da na faɗa a aji ne ake dawo mini da shi, har da tarin da na yi a tsakiya. Sai na buɗe takardar wata mai suna Rahila.

Kai! Har yau ina iya ganin shafin nan. Yarinyar ba ta fara da ma'anar komai ba. Ta fara da gadar Karu da ƙarfe biyar da rabi na asuba, lokacin da yayanta yake fita zuwa Maitama inda yake tuƙa wani babban mutum. Ta zana hanyar da hannu, tasha bayan tasha. Sannan ta nuna wani abu da ni mai digiri uku nake wucewa ta gabansa ban taɓa gani ba: masu koko da ƙosai suna zama a hannun shiga gari da safe, da yamma kuma masu gasa masara da masu tsire su koma ɗaya hannun, na dawowa. Ta ce ko ba a ƙirga mota ɗaya ba, wurin zaman masu abinci ya isa ya gaya maka inda gari yake kwana. Na miƙe tsaye ni kaɗai a ofis. Na ɗauki jan biro, na bar gurbin maki fayau, na rubuta kalmomin Farfesa, na ja layi biyu a ƙarƙashi don murna.

Wakilin aji ne ya raba takardun. Ni ko fuskarta ban sani ba, a aji mai mutum ɗari uku wa ka sani? Mako ya wuce ba ta zo ba. Na kira wakilin na ce ya gaya wa Rahila ina nemanta. Shiru. Na sake kiransa na ce, "Ka ce mata ta zo bayan ƙarfe huɗu, lokacin mutane sun ragu, mu samu natsuwa." Ku ji fa abin da na aika. Ya dube ni wani iri, ya ce, "Okay sir," ya fita. Na ɗauka gajiya ce.

Ba ta zo ofis ba, kuma daga ranar ba ta sake shiga ajina ba. Kun san doka, wanda bai halarci kashi uku cikin huɗu na darasi ba, ba ya zama jarrabawa. Da lokaci ya yi na buɗe rajista, na ga gurbinta fari fat, raina ya ɓaci. Na ce ga ƙwaƙwalwa ga lalaci. Da wannan jan biron na soke sunanta. Darasina kuwa na dole ne, wanda bai ci shi ba ba ya fita.

Zaman Laraba a wannan zangon aka fara shi. Dakta Hannatu ce ta kawo shawarar, wadda kuka gani ɗazu tana faɗa da mai gyaran fanka, 'yar Filato ce, ba ta da tsoro ko na sisin kwabo. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne yadda ɗalibai suke yanke jiki suna faɗuwa a ɗakin jarrabawa. Ta ce malamai mu riƙa zama bayan azahar, mu kaɗai, ba shugaban sashe a matsayin shugaba, ba mai rubuta abin da aka faɗa, ba Farfesa ba ƙaramin malami, abin da aka faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki. Ni na fara zuwa ne saboda gyaɗar da take kawowa daga gida, ba zan yi muku ƙarya ba. Zaman farko da na biyu da na uku duk abu ɗaya muka yi: ɗalibai ba sa karatu, ɗalibai sun lalace da waya, mu a zamaninmu kaza da kaza. Mun ji daɗinsa ƙwarai.

A zama na huɗu Hannatu ta buga tebur. Ta ce, "Mako uku muna maganar yaran nan, ko ɗaya a cikinsu bai yi magana ba." Ta samo kwalin taliya, ta liƙe shi, ta huda samansa, ta ajiye a bakin ɗakin karatu. Ta rubuta a jiki cewa kowa ya jefa takarda ba suna, ya faɗi abin da malami yake yi wanda yake hana shi sukuni. Aka bar shi har bayan jarrabawa. Da aka kawo shi sai da aka yaga, don ya cika ya toshe.

Ita take karantawa, mu muna ɓare gyaɗa. Da Turanci suka rubuta, wasu da Turancin Buroka. Wani ya ce yana tashi ƙarfe huɗu daga Mararaba, ya sha cunkoso awa uku, ya iso takwas da minti biyar ya tarar an kulle ƙofa. Wata ta ce malamai biyar sun sa gwaji a mako ɗaya, kowanne yana cewa nasa ne mai muhimmanci. Muka dubi juna, don ba wanda ya taɓa tambayar ɗan'uwansa ranar da zai yi gwaji, ofisoshinmu kuwa bango ɗaya ne ya raba su. Wani ya ce akwai malamin da yake karanta sunayen waɗanda suka faɗi a gaban aji. Malam Kabiru, abokin wasana mai koyar da yanayi, ya ɗaga hannu yana dariya ya ce, "Wannan ni ne, a wuce wajen." Muka yi dariya, amma dariyar ta fara gajarta.

Sai ta ɗauko wata ƙaramar takarda, ta ce kalmomi biyu ne kawai a jiki. "See me." Ta ɗauko wata, su ne dai. Wata kuma ta ce, "Kullum addu'ata kada in ga 'See me' a takardata." Matan da ke ɗakin suka yi tsaki kusan tare. Ni kuwa na gyara zama, ina jin daɗi ana maganar abin da na sani. Sai Hannatu ta buɗe wata doguwa, ta karanta a hankali: "Ƙawata ta bar makaranta a shekarar ƙarshe. Malami ya riƙe mata maki, ya rubuta 'See me'. Ya aika mata sau biyu, na biyun ya ce ta zo bayan ƙarfe huɗu idan mutane sun watse. Ta ce gara ta rasa digirin."

Na ajiye gyaɗar da ke hannuna, don na ji saƙona a ciki. Amma ko a lokacin ban gama fahimta ba, wallahi. Na ce, "Tsaya, Dakta. Mene ne aibun 'See me'? Ai karramawa ce."

Hannatu ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam, wasa kake yi?"

"Wane irin wasa?"

"Da gaske ba ka san abin da yake nufi a wajen ɗalibai ba?"

Na ce ban sani ba. Ta ajiye takardar. Ta ce, "Idan namiji ne, yana nufin ya zo da abin goro a aljihu. Idan mace ce, kuma malamin namiji ne, kuma ba a sa maki ba, to an gaya mata makinta yana hannun malam, ta zo a daidaita. Tun daga aji ɗaya manya suke gaya wa ƙanana. Ni kaina an taɓa rubuta mini ina ɗaliba, kuma ba shayi aka ba ni ba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni, na ji tsoro kuma. Shekara nawa ina rubuta wannan abin? Yara nawa suka buɗe takarda suka ga jan birona tsoro ya kama su? Kuma ba kowa nake yi wa ba, sai wanda ya fi kowa ƙoƙari. Na dubi matan nan da muke aiki tare shekara da shekaru, ashe duk sun sani, ɗalibai sun sani, masu shara ma na tabbata sun sani, ni kaɗai nake yawo da biro ina raba wa mutane tashin hankali.

Na ce, "Ni ne. Sunanta Rahila. Ni na soke ta daga jarrabawa."

Kabiru ya ce, "Kai, Malam Ilyasu! Kai da ko hannun mace ba ka gaisawa?"

Hannatu ta ce, "Ita ta san haka? Jan biro ta gani, ba halinsa ba."

Nan fa zaman ya zama zama. Kabiru ya ce in yi shiru, jarrabawa ta wuce, in na bi yarinya gida maganar za ta ƙara muni, a ce ga shi har gida ya biyo ta. Kuma yana da gaskiyarsa. Wata malama ta ce a rubuta mata wasiƙa daga sashe. Hannatu ta ce wadda ta gudu saboda rubutu ba za ta dawo saboda rubutu ba. Ta ce, "Za ka je, amma ba kai kaɗai ba. Ni zan shiga gaba, kai kana baya kamar mai laifi, don mai laifin ne." Ban musa ba. Ta nemo ƙawar ta hannun wakilin aji, aka ba mu kwatance.

Ranar Asabar da hantsi muka isa Karu, wani gida mai ɗakuna a jere bayan kasuwa. Yayanta Bitrus, direban nan da ta rubuta a takarda, yana wanke takalma a bakin famfo. Hannatu ta gaishe shi, ta faɗi ko su wane ne mu. Ya miƙe a hankali, hannunsa duk kumfa, ya dube ni daga hula har takalmi.

"Kai ne malamin?"

"Ni ne."

"Baba, da furfuran ka?" Ya girgiza kai. Hausarsa irin ta Filato ce, mace ma "shi" yake ce mata. "Ni na hana shi komawa. Na ce ko shara ne zai yi a garin nan, ya fi. Tun yarinyan nan yana firamare nake tashi da asuba saboda shi. Da ba don madam ɗin nan ba, wallahi ba za ka tsaya a ƙofan nan ba."

Na tsaya na sha, don na cancanta. Hannatu ta bar shi ya gama, sannan ta yi masa bayani da harshensu na can gida, ashe yarensu ɗaya, ta daɗe tana yi. Ban ji ko kalma ɗaya ba, sai dai na ga yana dubana yana sake dubanta. Can ya ɗaga labule ya kira Rahila.

Ranar na fara ganin fuskarta. 'Yar siririya ce, da zanen gida, hannunta da garin alabo. Ba ta gaishe ni ba, ta tsaya kusa da Hannatu. Na ce mata na zo ba da haƙuri. Na ba ta labarin Farfesa da shayinsa, ina yi ina jin yadda labarin yake fita wani banbaraƙwai a tsakar gidan nan. Ta koma ɗaki ta fito da takardar, a ninke huɗu, ta miƙa wa Hannatu, ba ni ba.

Ta ce, "To, sir, da na zo, me za ka ce mini?"

Na ce, "Zan ce miki kin ci goma sha tara cikin ashirin. Zan ce ban taɓa karanta amsa irin taki ba. Zan ce ki yi tunanin digiri na biyu."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta karɓi takardar daga hannun Hannatu, ta buɗe, ta dubi saman shafin. Ta sa yatsa a farin wurin da ke gefen rubutuna, garin alabo ya ɓata shi.

"Sir, ai akwai wuri a nan. Da ka rubuta."

Bitrus ya koma kan takalmansa.

Na yi iya yina a sashe, na rubuta takarda na ɗora laifin a kaina, na bi ofis-ofis. Aka ce jarrabawar da ba a zauna ba, ba a zauna ba, sai shekara mai zuwa. Abokan karatunta suka fita, suka tafi bautar ƙasa, ita tana Karu tana taya matar yayanta sayar da alabo. Hannatu ce ta yi ta zirga-zirga har Bitrus ya yarda ta dawo. Daga wannan zaman ne muka fara liƙa jadawalin gwaji a bango don kada mu haɗu a mako ɗaya, aka daina kulle ƙofa da ƙarfe takwas, ni kuma duk abin da zan faɗa wa ɗalibi a kan takardarsa nake rubuta shi, da maki, ko zai cinye rabin shafi. Idan dole sai mun gana, ƙofa a buɗe, ya zo da wanda yake so.

Rahila ta dawo, ta zauna a layin baya, ba ta fasa aji ko sau ɗaya ba. Da aka yi gwaji na ware takardarta gefe, na bar ta ta ƙarshe don in karanta a natse, har shayi na haɗa. Na buɗe. Ma'anar birni, kamar yadda na faɗa a aji. Dalilai biyar, kamar yadda na jera su. Ba taswira, ba gada, ba masu ƙosai. Daidai abin da zai ba ta maki goma sha biyu, ba ƙari. A jarrabawa ma haka ta yi, ta ci, ta fita.

Na kasa haƙuri, na roƙi Hannatu ta tambaye ta dalili ranar da ta zo karɓar sakamako. Laraba ta zagayo, muna zaune a nan, na ce, "Dakta, me ta ce?"

Hannatu ta ce, "Ta ce a gaishe ka, ta yafe maka tuntuni. Ta ce amma ba ta so wani malami ya sake lura da ita."